Majigin Malam Isiyaku

Akwai wata ƙaramar sakandare a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu ta nan nake bi in zan je gaida surukaina. A makarantar akwai malamin kimiyya, Malam Isiyaku, mutumin da Allah ya ɗora wa tsoron lalacewar kaya. Wayarsa shekararta huɗu a hannunsa, amma ledar da ta zo da ita tana nan manne a fuskarta. In ya ara maka biro, tsayawa yake yi a kanka har ka gama rubutu, ya karɓa, ya duba bakinsa, sannan ya mayar aljihu. Ba marowaci ba ne, zai iya ba ka tuwon gabansa ka cinye, amma kwanon sai ya bi shi da ido.

Wata shekara sai wata ƙungiya mai tallafa wa makarantun karkara ta zaɓi makarantarsu. Aka kawo musu majigi sabo fil, da kwamfuta, da farantin sola da batirinsa, da wani ɗan rimot mai madannai huɗu: ja, kore, shuɗi da rawaya. A cikin kwamfutar akwai manhaja mai darussan kimiyya. Muryar wata mata ce ke bayani da Hausa, majigi kuma yana haska hotuna a bango. Duk bayan minti goma sai matar ta tsaya ta yi tambaya, ta karanto amsoshi huɗu, kowace da launinta, kuma ba za ta ci gaba ba sai an danna ɗaya. Malam Isiyaku aka tura birni ya yi kwana uku yana koyon sarrafa ta, shi kuma ya sa hannu ya karɓi kayan.

Sai dai kyautar da sharaɗinta ta zo. Manhajar tana ƙirga awannin da aka yi ana karatu da ita, tana aika wa ƙungiyar rahoto da kanta. Makarantar da ba ta cika awa ɗari a zangon karatu ba, za a kwashe kayan a kai makarantar da ke tsallaken rafi. Nan fa gizo ke saƙar, domin malamin kimiyya na tsallaken rafi ba kowa ba ne illa Malam Lawandi, ɗan gwaggonsa, taubashinsa da ya addabe shi da tsokana tun suna tallar rake. Ko mako ba a yi ba suka haɗu a wajen wani suna, Lawandi ya kama hannunsa a tsakiyar jama'a ya ce:

"Isiyaku, ka riƙe mana kayanmu da kyau. Mun riga mun share musu ɗaki."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma ta ciki na ciki. A hanyarsa ta komawa gida ya yi wa kansa alkawari cewa ko shi ko Lawandi, majigin nan ba zai ƙetare rafi ba.

Kafin ranar farko sai da ya kai majigin wajen tela aka auna shi, aka ɗinka masa riga da ragowar shadda, har da zif. Kwamfuta ma aka yi mata tata. Ranar Litinin ya rungumo su zuwa aji biyu yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Yara saba'in da huɗu ne a ajin, kuma babu wanda ya taɓa ganin majigi a cikinsu. Yana kunnawa haske ya faɗa bango, sai aji ya rikice. Na baya suka hau benci, na gaba suka yo kan tebur. Wani ya gano cewa in ya sa hannu a gaban hasken inuwar zomo tana fitowa a bango, nan take zomaye suka kai ashirin. Wata yarinya da ta gama cin ƙuli-ƙuli ta kai yatsa ta shafa gilashin don ta ji ko da zafi. Wani kuma ya taka waya, tebur ya girgiza, majigi ya yi tangal-tangal ya dawo. Minti bakwai kacal aka yi, Malam Isiyaku ya kashe, ya goge gilashin da gefen hularsa, ya mayar da kowa cikin rigarsa, ya kai sito ya kulle da kwaɗo biyu.

Daga ranar ya koma kan allo da alli. In yara sun tambaye shi yaushe za a sake kawo majigi, sai ya ce musu yana hutawa. Mako uku majigi yana hutawa, har saƙo ya shigo wayarsa daga ƙungiyar: ana sanar da shi cewa makarantarsu ta yi minti bakwai daga cikin awa ɗari. Ya karanta, ya sake karantawa, sai ya ji kamar muryar Lawandi ce ke karanto masa. Ranar ko abincin rana bai iya ci ba. In ya kai majigi aji, yara za su kashe shi. In ya bar shi a sito, rafi zai ƙetare.

Yana zaune a gindin darbejiya yana wannan saƙe-saƙen dabara ta faɗo masa. Manhajar nan awanni take ƙirgawa, ba kawuna ba. Ba ta da ido balle ta san ko a aji take ko a sito. Sito kuwa yana da bango fari, ba ƙurar alli, ba mai cin ƙuli-ƙuli. Abin da ya rage kawai shi ne wanda zai riƙa danna rimot duk minti goma, tunda shi yana da azuzuwan da zai shiga. Ya ɗaga kai sai ya hango Baba Barau mai gadi a bakin ƙofar makaranta, yana gyangyaɗi a kan bencinsa da sandarsa a cinya.

Baba Barau dattijo ne mai shekara sittin da bakwai, tsohon manomi, bai taɓa zama a ajin boko ba sai dai in ruwan sama ya koro shi. Malam Isiyaku ya kai shi sito, ya shimfiɗa masa tabarma nesa da tebur, ya yi masa bayani dalla-dalla. Kada ya taɓa majigi. Kada ya taɓa kwamfuta. Kada ya yi atishawa ta wajensu. Kada ya bar kowane yaro ya leƙo, ko da ɗan hedimasta ne. In matar ta yi shiru, ya danna kowane launi ya ga dama, ba ruwansa da abin da take faɗa. Baba Barau ya ce ai wannan ya fi gadin ƙofa sauƙi, ga inuwa ga sanyi.

Ranar farko da aka tashi, Malam Isiyaku ya je kulle sito ya tarar da dattijon ya haɗe rai. Ya tambaye shi lafiya, sai Baba Barau ya ce shi fa matar nan ba ta da kunya. Duk abin da ya danna sai ta ce masa, "Ba haka ba ne, sake tunani." Sau goma sha ɗaya ta faɗa masa haka tsakanin hantsi da azahar. Ya ce shekara arba'in yana tare da iyalinsa, ba ta taɓa ce masa ba haka ba ne sau uku a jere ba. Malam Isiyaku ya ba shi haƙuri, ya ce na'ura ce, ba ta san babba ba, ya yi ta dannawa kawai. Baba Barau ya gyaɗa kai, amma a ransa ya ƙudura cewa ba za a sake kunyata shi a ɗakin da daga shi sai tsintsiya da karyayyun benci ba.

Washegari ya zo da goronsa, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya zauna ya kasa kunne. Da matar ta yi tambaya a kan abin da shuka ke buƙata kafin ta haɗa abincinta, sai ya ga ai wannan magana ce ta gona, ya danna shuɗi. Sai ga sautin tafi ya cika sito, matar ta ce, "Madalla, ka yi daidai." Baba Barau ya gyara zama, ya ce mata ai da ma. Tun daga ranar ya fara kiranta Malama. In ta ce barka da zuwa sai ya amsa, ya tambaye ta gajiya da iyali, ko da yake ba ta taɓa ba shi amsa ba, abin da ya ɗauka a matsayin kamun kai.

Awanni suka fara taruwa. Ashirin, arba'in, saba'in. Malam Isiyaku yana aji yana zana zuciyar ɗan Adam da alli, tana fitowa kamar mangwaro, yara suna kwafa suna hamma, a can sito kuwa zuciya ce mai launi tana bugawa a bango, Baba Barau yana kallo yana salati. Ƙofar makaranta ta zama ta kowa. Awakin unguwa suka shigo suka cinye zogalen da 'yan aji uku suka dasa, masu makara suka daina tsallake katanga tunda ga hanya a buɗe. Hedimasta ya yi cigiyar mai gadi sau biyu, Malam Isiyaku ya ce yana taya shi wani aiki na ƙungiya, hedimasta kuwa da ya ji an ambaci ƙungiya sai ya bar maganar.

Abin bai tsaya a sito ba. A teburin mai shayi Baba Barau ya fara hana mutane sakat. Ya gaya wa mahauci cewa saniyar da yake yankawa ɗaki huɗu ne a cikinta, mahauci ya ce ya sani, Baba Barau ya ce amma bai san aikin kowanne ba. Ya hana jikokinsa shan ruwan rafi sai an tafasa, ya ce akwai halittu a ciki da ido ba ya gani, shi ya gan su a bango, kowane da gashinsa. Wata rana ma ya tsaya a tagar aji biyu yana kallon zanen allo, bayan an tashi ya ja Malam Isiyaku gefe ya ce masa cikin ladabi, huhun da ya zana ya yi ƙasa da yawa, ya kusa zama a kan hanji. Malam Isiyaku ya ji haushi ƙwarai, ya koma ya duba littafi, ya ga gaskiyar dattijon ce, sai haushin ya ƙaru.

Zango ya zo ƙarshe da awa ɗari da arba'in da biyu. Malam Isiyaku ya aika wa Lawandi hoton rahoton ba tare da ya rubuta ko kalma ɗaya ba, ya kwana biyu bakinsa har kunne. A rana ta uku hedimasta ya kira shi ofis yana murna, takarda a hannu. Ƙungiya ta rubuto cewa a duk makarantun da ta bai wa majigi babu ajin da ya kama ƙafar aji biyu nasu, don cikin kowace tambaya ɗari suna cin casa'in da shida. Saboda haka shugabar shirin, Hajiya Rakiya, za ta zo da kanta ranar Alhamis ta ga waɗannan haziƙan yara da idonta, har da mai ɗaukar hoto.

Kwana biyu suka rage. Malam Isiyaku ya yi tunanin ya ce batir ya mutu, ya tuna manhajar har lafiyar batir tana aikawa. Ya yi tunanin kwanciya rashin lafiya, ya tuna mabuɗan sito suna hannunsa kuma za a aiko a karɓa. Ƙarshe ya tara yaran ya yi ƙoƙarin ɗura musu karatun wata uku a yini biyu, har muryarsa ta dishe, suka tashi sun fi da rikicewa. Abu ɗaya ya iya yi: ya kira Baba Barau ya ce ranar Alhamis ya koma bakin ƙofa, ya zauna a kan bencinsa, kada ya motsa ko me zai faru. Dattijon bai ji daɗi ba, ya ce ranar ce fa za su ƙarasa darasin ƙoda, amma ya ce to.

Alhamis da hantsi motar ƙungiya ta iso. Hajiya Rakiya mace ce mai fara'a da saurin magana, ta zo da takardar yabo a cikin firam. Hedimasta ya sha babbar riga. Aka share aji biyu, aka yayyafa ruwa, Malam Isiyaku ya tuɓe wa majigi riga, ya gargaɗi yara da ido, ya kunna. Muryar matar ta cika aji:

"Barka da dawowa, aji biyu. Jiya mun tsaya a kan aikin ƙoda."

Rabin ajin suka waiwaya baya suna neman mai maganar. Wata yarinya ta leƙa ƙarƙashin tebur. Babu wanda ya amsa gaisuwar, sai daga wajen taga aka ji wata tsohuwar murya ta ce a hankali, "Barka kadai, Malama." Hajiya Rakiya ta ɗan waiga, ba ta ga kowa ba, ta mayar da hankalinta kan bango.

Minti goma suka wuce lafiya, yara sun buɗe baki suna kallon ƙoda. Sai matar ta tsaya ta yi tambaya, ta karanto launuka. Malam Isiyaku ya miƙa wa monitan aji rimot. Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya sake juyawa, ya nuna shi ga bango kamar mai neman tasha. Matar ta maimaita tambayar. Da ta maimaita karo na uku, wanda ke bayan taga ya kasa daurewa.

"Kore, yaro. Danna kore, kada ka bar Malama tana jira."

Yaron ya danna kore, tafi ya tashi. Tambaya ta biyu aka ce daga taga rawaya, ta uku aka ce ja, har da ƙarin bayanin cewa wannan an yi ta tun makon jiya. Hedimasta yana ta murmushi bai fahimci komai ba, amma Hajiya Rakiya ta ajiye firam ɗinta a kan tebur. Ta ce a dakatar da na'ura, ita za ta yi tambaya da bakinta. Ta tambayi yaran ƙasusuwa nawa ne a jikin mutum. Wani ya ce arba'in. Wata ta ce ya danganta da ƙibar mutumin. Daga taga aka yi gyaran murya aka ce ɗari biyu da shida in babba ne, na jariri sun fi haka, daga baya suke haɗewa.

Hajiya Rakiya ta ce a shigo da mai wannan muryar. Baba Barau ya jingine sandarsa, ya tuɓe takalmi a ƙofar aji, ya shigo ya durƙusa ya gaida ita, ya juya ya gaida kwamfuta. Kusan kwata ɗin awa tana yi masa tambayoyi, daga jini zuwa tururi zuwa husufin wata, yana amsawa yana gyara hula. Ɗaya kawai ya faɗi, ita ma ya ce ba su kai wajen ba tukuna. Da ta tambaye shi a wace makaranta ya yi karatu, ya nuna mata da hannu ya ce ga ta can, sito, kusa da bayin malamai. Daga nan ya kwashe labari kaf ya faɗa mata, yana yi yana yabon Malam Isiyaku, don a ganinsa taimakonsa yake yi. Ya ce bai taɓa ganin mutum mai riƙon amana irinsa ba, wata uku ko yaro ɗaya bai bari ya kusanci kayan nan ba.

Malam Isiyaku ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Duk da haka ya yi ta maza, ya matso ya ce Hajiya ta duba kayan da kanta: ko ƙwarzane babu, gilashin kamar yau aka ɓare shi, ta zaga duk makarantun da suka raba wa ta gani in akwai majigi mai lafiyar wannan. Hajiya Rakiya ta ce ta gani, kuma abin da ya fi ɓata mata rai ke nan. Sun ba da kayan ne don yara su yi ta amfani da su har su tsufa, in sun lalace akwai mai gyara. Ta ce wa direbanta ya kwashe komai ya sa a mota, yau ɗin nan za ta sauke su a tsallaken rafi, ta ji an ce akwai wani malami a can, Malam Lawandi, da ya daɗe yana roƙo. Malam Isiyaku ya nemi benci ya zauna a cikin yara. Ba rabuwa da majigin ya fi ci masa rai ba, tunanin bikin Sallah da duk wani suna da ɗaurin aure na dangi har ƙarshen rayuwarsa ne ya sa idonsa ya yi ja.

Direba ya fita da kaya, yara suka bi shi da kallo, Baba Barau kuwa ya raka kwamfutar da addu'ar sauka lafiya. Hajiya Rakiya ta ɗauki jakarta, har ta kai ƙofa sai ta juyo ta dubi Baba Barau, dariya na neman ƙwace mata amma ta daure.

"Baba, kai ma fa da laifinka. Gadi aka ɗauke ka, ka bar ƙofa a buɗe ka je ka zauna kallon majigi wata uku. Wannan wane irin gadi ne?"

Baba Barau ya zura takalminsa, ya ɗauki sandarsa, ya nuna yaran da ita.

"Ranki ya daɗe, ai ban taɓa gadi mai kyau irin wannan ba. Ilimi aka ba ni tsaro. Ga su nan saba'in da huɗu, ki tambaye su in ko ƙwaya ɗaya ta fita."